Na kwana a Jos don in ji tashin injin da asuba

Ranar da na gaya wa makanikena cewa wagon nake nema mai shan gas, wato dizal, ajiye sifana ya yi, ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Malam, wa ya ba ka wannan shawara?" Na ce babu kowa, lissafi ne ya kai ni. Ya jawo mini benci ya ce to in zauna in yi masa lissafin ya ji.

A Kano nake zaune, amma gonata da mahaifiyata suna can wajen Malumfashi. Da wuya in yi mako biyu ban bi hanyar Gwarzo zuwa Dayi ba, in tafi da taki ko iri ko maganin feshi, in dawo da masara da wake, wani lokaci har da ɗan akuya a ɗaure. In aka yi hutun makaranta kuma, ga uwargida ga yara biyar. Motar da nake da ita ƙaramar salun ce mai shan fetur, da an sa mata buhu biyu a but sai bayanta ya kusa shafar ƙasa. A haka nake lallaɓa ta har ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi. Daga nan kowace tafiya gida sai na kwana biyu ina juya ta a rai kafin in ɗauki makulli.

Gas ɗin da nake nufi shi ne man dizal, wanda direbobin tirela da masu injin niƙa suke kira gas, ba iskar CNG da ake ta sa wa motoci yanzu ba. Ita ma na yi tunaninta, amma tukunyarta a but ake ɗaure ta, ni kuwa saboda but ɗin nake neman motar. A da, sayen ƙaramar mota mai shan gas a ƙasar nan ganganci ne. Tun zamanin Obasanjo gwamnati ta janye hannunta daga farashin dizal ta bar wa kasuwa, fetur kuma ana tallafa masa, har ta kai a 2022 litar gas ta ninka ta fetur fiye da sau uku. Da tallafi ya tashi, matatar Dangote kuma ta fara sayar da dizal a 2024, sai tazarar ta matso ƙwarai. Zuwa ƙarshen shekarar litar fetur ta haura naira 1,000, gas yana gabansa amma ba da nisa ba. Injin gas kuwa, in girmansu ɗaya da na fetur, lita guda tana kai shi gaba da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, musamman a doguwar hanya da kaya. Ga kuma wani abu: tunda kowa yana gudun irin motocin, ba su da kasuwa, mai ita yakan gaji da jiran mai saye.

Akwai dalili na uku da ban faɗa wa makanike ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, Peugeot 504 wagon ya riƙe, haɗin Kakuri a Kaduna, mai layin kujeru uku. A layin ƙarshe na girma, ina kallon titi yana gudu ta gilashin baya. Motocin yanzu duk kamanninsu ɗaya a idona, ni kuma ina son wadda in ta tsaya a ƙofar gida za a san wane ne ya zo tun ba a leƙo ba.

Makanike ya saurare ni har na gama. Ya ce lissafina ya fita, amma da sharaɗi biyu. Na farko, kuɗin da na tara in raba shi uku, kashi biyu na mota, kashi ɗaya in ɓoye na gyara, ko da motar ta yi kyau kamar amarya. Na biyu, ya ce, "Ni fetur na sani. Gas akwai masu shi." Ya haɗa ni da wani dattijo a wajen Ƙofar Ruwa, wanda aikinsa gyaran injekta da nozul, wato kayan da ke turawa da fesa mai cikin inji, na manyan motoci da janareto.

Zaman da na yi a shagon dattijon nan ya fi duk wani bincike da na yi a waya. Shagon ɗan ƙarami ne, ƙamshin gas ya kama komai, amma teburinsa tas yake, don ya ce ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta kashe nozul. Ya ɗauko tsohon famfon injekta ya ɗora gabana. "Ɗana, injin gas zamani biyu ne," in ji shi. Na da, famfonsa na ƙarfe ne tsantsa, inji ke juya shi, shi ke auna mai ya tura wa kowace silinda rabonta, babu kwamfuta a tsakani. Na baya, waɗanda suka fara yawa daga ƙarshen shekarun 1990, suna tara man ne a bututu guda da matsi mai tsanani, wanda ya ninka na da sau da yawa, kwamfutar mota kuma ita ke buɗe kowane nozul da lantarki. Sun fi ƙarfi, sun fi shiru, sun fi tsimin mai. Sai dai ramukan nozul ɗinsu sirara ne ƙwarai, kuma man da kansa shi ne maiƙon da ke sanyaya famfon. In ka sha gas mai ruwa, ko wanda 'yan bumburutu suka sirka da kananzir, famfon zai fara cin kansa, garin ƙarfen ya bi bututu ya lalata nozul duka a lokaci guda. Ya ce, "Wancan in ya lalace canji ne, kuma kuɗin canjin zai iya kamo rabin kuɗin motar. Wannan in ya lalace, ka kawo mini, in kwance in ɗaure." Ya ƙara mini da abu ɗaya, wanda daga baya ya zama ginshiƙin neman gaba ɗaya: kada in yarda in saurari injin gas da zafi. Duk ciwon da ke jikinsa, da sanyin safiya yake faɗa.

Na fara da Peugeot 406 wagon, saboda jini. An haɗa 406 a Kaduna ita ma, kayan bodinta da na ƙafarta suna ko'ina, kowane makanike ya san ta. Ta farko a nan Kano na gan ta, dillali ya rantse mini mai gas ce. Da muka ɗaga bonet sai ga wayoyin fulogi. Injin gas ɗin ya daɗe da mutuwa, an sauke an dasa na fetur, murfin tanki kawai ya rage da rubutun dizal. Ashe haka ake yi wa yawancinsu in sun shigo, shi ya sa samun wadda take da injinta na asali yake da wuya.

Ta biyu a Kaduna take, 406 mai injin HDi na lita 2, irin na zamanin baya da dattijo ya yi mini bayani. Kyakkyawa ce, ruwan toka, kujerunta ba su yage ba. Da na isa na dafa bonet na ji ɗumi. Dillali ya ce wanki aka kai ta. Mun zaga da ita har Kawo muka dawo, gaskiya tafiyarta ta yi mini daɗi, don 406 ta iya haɗiye rami. Na ce zan dawo gobe da sassafe, amma kada kowa ya taɓa makullin. Fuskarsa ta canza. Washegari ƙarfe bakwai ina wurin, aka yi ta murza kik har batir ya fara nishi, ba ta tashi ba sai da wani yaro ya fesa wani abu a bakin bututun iska. Ta tashi da farin hayaƙi mai yaji a ido, tana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Ban ce komai ba, na ba yaron kuɗin shayi na kama hanyar tasha. Motar ba ta da laifi, abin da aka shayar da ita shekara da shekaru ne ya fito.

Wadda ta kusa raba ni da kuɗina ita ce Volkswagen Passat wagon mai injin 1.9 TDI, a Zariya. Wannan inji sunansa ya yi nisa a Turai wajen juriya da rashin shan mai, kuma da na taka totur a hanyar Samaru na gane dalili, turbo ya ja ni har bayana ya manne da kujera. Makanikena ya shiga ƙarƙashinta ya fito yana lissafi da yatsu. Ƙafar gabanta hannuwa takwas ne, huɗu kowane gefe, ga ta gajera a ƙasa, kaskon baƙin manta na alminiyam ne, dutse ɗaya a burjin gonata ya isa. Injin kuma irin wanda kowane nozul ke da famfonsa ne, yana da baƙin man da aka keɓe masa, ba kowane galan na bakin titi ba. Duk da haka na so in rufe ido in saya. Takardu ne suka hana. Da muka gwada lambar shasin da ke jikin motar da wadda ke takardar kwastan, lambobi biyu na ƙarshe sun saɓa. Mai motar ya ce kuskuren mai buga takarda ne, kowa a haka yake yawo. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma motoci 'yan Kwatano da yawa ta daji suka shigo da takardun aro. Ban tara kuɗin shekara biyu don in je in ajiye su a shingen kwastan ba.

Daga nan sai na yi sanyi. Wata biyu ban je ganin ko ɗaya ba. Uwargida ta ce, "Malam, ka sayi Golf wagon irin ta kowa mana, ka huta." Ba ta yi kuskure ba, Golf ɗin ta cika tashoshinmu ne saboda tana da sauƙin riƙo. Har na fara tambayar farashi.

Cikin Janairu sai ga kiran ɗan ƙanin mahaifina, wanda ke sarin dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada a Jos. Ya ce, "Yaya, akwai wani tsoho a wajen Bukuru da ke zuwa sayen kayan miya da wata Marsandi mai dogon baya, ƙararta kamar ta tarakta. Na ji ya ce idonsa ya fara rauni, 'ya'yansa sun hana shi tuƙi." Ya turo hoto. Mercedes ce irin wadda aka laƙaba wa V-boot a ƙasar nan, amma wagon, a bayanta an rubuta 250 TD. Na kai wa dattijon Ƙofar Ruwa hoton. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce harafin T ɗin ba turbo yake nufi ba, alamar wagon ce a wurin Mercedes. Injin silinda biyar ne, lita biyu da rabi, famfonsa Bosch mai jere, wanda baƙin man inji ke yi wa maiƙo, ba gas ba. Kuma sarƙa ke juya taimin ɗinsa, ba bel ba. Ya ce, "In ba a taɓa dafa shi ba, wannan inji zai iya binne ni da kai."

Muka tashi da makanikena bayan sallar asuba, ta Kwanar Dangora da Tudun Wada, don mu ratsa dajin Falgore da rana tsaka, muka bi Saminaka muka hau dutse. La'asar ta yi mana a Bukuru.

Mai motar dattijo ne mai shekara kusan tamanin, injiniya ne da ya yi ritaya, Hausarsa irin ta mutanen Filato, mai daɗin ji. Ya ce a Jamus ya saye ta hannu na biyu lokacin da aka tura shi kwas, ƙirar 1991 ce, shi ya sako ta a jirgin ruwa da kansa. Kafin ya nuna mana motar sai da aka kawo mana shayi, kuma sai da ya tambaye ni me zan yi da ita. Na ce gona da iyali. Ya ce, "Ba haya ba?" Na ce ba haya ba, Baba. Sannan ya miƙe ya buɗe gareji.

Fentinta shuɗi ne mai duhu, ya ƙone a rufi da bonet, gefen dama kuma akwai tsohon gyaran fanel bita da launin bai hau daidai ba. Wanda ya zo neman ado zai juya a nan. Amma da na buɗe ƙofar direba na rufe, sai na ji wata ƙara mai nauyi, kamar an rufe akwatin ƙarfe na banki. Wannan ƙira an yi ta daga 1985 zuwa 1996, kuma salun ɗinta masu gas su ne tasi a biranen Jamus shekaru da yawa. Gilashin gabanta hannun shara ɗaya gare shi, wanda ke miƙewa yana dawowa don ya kai kusurwa. Birkin ajiye ta da ƙafa ake taka shi. A but kuma, da Baba ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, sai ga kujerar yara biyu a naɗe, mai kallon baya. Na tsaya ina kallonta, layin ƙarshe na 504 ɗin mahaifinmu ya faɗo mini a rai, sai da na kau da kai don kada a ga idona.

Makanikena bai tsaya kallon kujera ba. Ya sa kwali ya kwanta da tocila. Motar da ta yi zama a Turai gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara yana cin ta daga ƙasa, don haka ya bi wuraren kafa jak guda huɗu yana caka sukundireba, ya duba inda gadon ƙafar baya ya kama bodi, ya ɗaga robar gilasan gefe na baya. Ya sami tsatsa a wurin jak ɗaya da ƙasan fukafukin gaba, sauran lafiya. Agogon kilomita ya tsaya, Baba da kansa ya faɗa tun ba mu tambaya ba, ya ce ya kai shekara shida da tsayawa. Sai ya shiga gida ya fito da wani littafi mai bangon kwali. Duk juyen da aka yi wa motar yana ciki, da kwanan wata, da irin man, da filta, da ranar da aka canza lagireto, da ranar da aka kai nozul gwaji. Bayan agogon ya tsaya, sai ya koma yin juye duk wata huɗu. Ban taɓa ganin irin wannan a wurin mai mota ba.

Ya miƙo makulli ya ce mu tayar. Na ce, "Baba, ka yi mini haƙuri, ba yau ba. Ina so a bar ta ta kwana, gobe da asuba ni zan tayar." Na ji tsoron zai ɗauka rashin yarda ne. Dariya ya yi, ya ce wa makanikena, "Wannan yaron an koya masa." Ya ba ni makullin garejin ma in tafi da shi.

Wanda bai taɓa kwana a Jos cikin hunturu ba bai san sanyin Najeriya ba. A ɗakin ɗan'uwana muka kwana da bargo biyu, ruwan alwala kamar ana yankan hannu. Ƙarfe shida da kwata muna bakin gareji, hazo ya rufe unguwar. Na dafa injin, sanyi ƙalau. Makanike ya matsa babban tiyon ruwa ya ji laushi, ya buɗe tankin ruwan ya leƙa, babu maiƙo, ya zaro sandar baƙin mai, baƙi ne irin na gas amma ba kauri. Na zauna, na murɗa makulli mataki ɗaya. Fitilar hita ta kama a dashbod. Injin gas ba shi da fulogin wuta, matsar iska kawai ke ƙona man, shi ya sa da sanyi sai hita ta ɗumama ɗakin ƙonewa tukuna, kuma injin da ringinsa ya gaji ba zai iya matsa iskar ta yi zafin da ake so ba. Na ƙirga a zuciyata, kafin in kai goma sha biyar fitilar ta mutu. Na murza.

Juyi biyu ta kama. Ta yi ɗan tari, ta fitar da hayaƙi fari-fari na ɗan lokaci, silinda ɗaya ta makara kaɗan sannan ta shiga layi, sai ƙarar ta daidaita, kaf-kaf-kaf, irin bugun silinda biyar da ba ya kama da na kowace mota. Allurar matsin baƙin mai ta haye ƙarshen agogonta, lamba 3, ta tsaya. Makanikena ya kwance murfin zuba baƙin mai ya ɗora shi a bakin ramin ba tare da ya ɗaure ba. In ringi ya mutu, iskar da ke tserewa ƙasa za ta dinga wurgi da murfin tana busa hayaƙi. Wannan rawa kawai yake yi a hankali, bai faɗi ba. Ya dube ni ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ya ce silindar da ta makara hita ɗaya ce ta mutu, abin kuɗi kaɗan.

Saura baya. Wagon ɗin Mercedes ta wannan zamani tana da wata dabara: famfo a jikin inji yana tura mai zuwa ƙafar baya, akwai bawul da ke jin nauyi, da ƙwallaye biyu na ƙarfe masu iskar naitirojin. In aka yi lodi bayan ya sauka, da an tayar da inji sai ta ɗaga kanta ta daidaita. Makanikai da yawa in abin ya lalace cire shi suke yi su sa shok na gama-gari, daga nan motar ta zama kamar kowace. Muka tuƙa zuwa Farin Gada, aka kashe inji, ɗan'uwana ya sa yaransa suka loda buhun dankali huɗu. Bayan ya zauna. Na tayar, na ɗan ba ta wuta, muna tsaye muna kallo ta miƙe a hankali kamar raƙumi, har 'yan dako suka taru. Amma a kan hanya bayan yana da tauri, yana tsalle a kan tudun rage gudu da ke titi, alamar iskar ƙwallayen ta tsere. Makanike ya rubuta a takardarsa. Da lodin muka hau tudu muka sauko muna kallon allurar zafi, ta tsaya ɗan sama da 80 ba ta motsa ba. Ya duba kuma ya tabbatar ba a cire mata tamostat ba, abin da ake yawan yi wa motoci a nan da sunan maganin zafi.

Ciniki bai ɗauki lokaci ba. Baba ya faɗi kuɗinsa, na karanta masa abin da muka samu: hita, ƙwallayen baya, tsatsa, tayoyi huɗu da suka tsufa duk da ba su cinye ba, esi da ba ya sanyi. Na taya. Ya ce albarka. Na ƙara kaɗan, ya yi shiru yana shafa rufin motar, sannan ya ce ya sallama. Kuɗin bai cinye kashi biyun da na ware ba. Lambar shasi ta dace da takardar kwastan ta asali, wadda ta yi ja don tsufa, sunansa ne a kan komai. Muka rubuta takardar ciniki da shaidu biyu, ɗansa da ɗan'uwana, na ɗauki hoton katin shaidarsa don canjin mallaka. Da za mu tafi ya ɗaga bonet ya nuna mini wani ɗan hannu a jikin famfon injekta mai rubutun STOP. Ya ce wannan mota da zuƙar iska ake kashe ta, in wani siririn tiyo ya tsage za ka zare makulli inji ya ci gaba da aiki. "Kada ka firgita, ɗana. Ka danna nan." Ya sa littafin a aljihun dashbod da hannunsa.

Kashi na ukun kuwa ya tafi kusan duka, kamar yadda makanike ya faɗa. Tayoyi, batir, hita biyar gaba ɗaya, filtar gas babba da ƙarama, duk tiyoyin roba na komawar mai, waldar wurin jak. Ƙwallayen baya ba a same su a Ƙofar Ruwa ba, ba a samu a Panteka ta Kaduna ba, sai daga Ladipo a Legas aka aiko, muka jira mako uku. Man da ake zuba wa wannan tsari na musamman ne, na tsaya a kai da kaina don kada a zuba man birki. Dattijo ya kwance nozul biyar ya gwada su a gabana, ya canza kan guda biyu, famfon kuma ya ce kada wanda ya taɓa.

Mai son irinta ya san abin da zai tarar. Ba ta da sauri, ƙarfin dokinta bai kai 100 ba ga nauyin jiki, in zan wuce tirela a hanyar Gwarzo sai na hango fili mai nisa na sauko giya. Da safe maƙwabta suna jin tashinta. Gas ba kowane gidan mai ke da shi ba a ƙauye, don haka a Kano nake cika tanki, wajen lita 70, a wuri ɗaya da manyan motoci ke sha, kuma ban taɓa saye a jarka ba. Ƙaramar filtar nan mai gani-har-hanji ina ajiye biyu a mota, ina duba ta duk mako. In na tashi sayar da ita na san masu taya ba za su yi yawa ba. Amma a awon da na yi da kaina, cika zuwa cika, tana shan wajen lita 8 a kilomita 100 da lodi, inda tsohuwar salun ɗina ke shan 11 ba tare da ta ɗauki rabin kayan ba.

Abin da Baba ya faɗa ya faru a zuwana gida na uku. Na tsaya a ƙofar gidan mahaifiyata da magariba, na zare makulli, inji ya ƙi mutuwa. Yara biyun da ke kujerar baya suka fara ihu wai motar ta ƙi jin magana. Na buɗe bonet na danna ɗan hannun, ta yi shiru. Inna tana tsaye a bakin zaure da carbi, ta ce tun daga kwanar masallaci ta ji ƙarar ta san ni ne. Washegari na gano tiyon, ya tsage a bakinsa, na yanke wurin da reza na mayar. Na ɗauko littafin, a ƙarƙashin rubutun Baba na ƙarshe na sa kwanan wata, na rubuta tiyon iska, an gyara a Malumfashi. A layi na gaba na rubuta esi, na bar gurbin kwanan watan, don sai an sayar da wake.